Alamar Wuyan da Ba a Karya Ba

Baiba tana rufe shagon tsofaffin kayan yaƙi a garin Saldus, duhu ya shiga, jaririnta a kafaɗa, sai ga wani saurayi yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya ɗauki wata alamar wuya ta sojan Jamus daga cikin kayan shagon, ɗan ƙarfen shaida da soja ke ratayawa.

"Samari, jabu ce," in ji ta, tana ƙanƙame ɗanta. "Dubi yadda take garau."

"Ta gaske ce, uwargida. In soja ya mutu, karya ta ake yi, a aika rabi a sanar da uwarsa. Wannan ba wanda ya karya ta."

Ya miƙo mata, yatsunsa sanyi ƙalau. A wuyansa ruɓaɓɓen zare ne kawai.

"Don Allah karya min ita. Har yanzu Mama tana jirana."