Notuna a Jere

Ɗakin gwaje-gwaje na kwalejin ba shi da taga ko ɗaya. Sufeton 'yan sanda na shiga ya ji ɗakin babu iska. Shugabar sashen injiniya ta rufe ƙofa, ta jingina da ita kamar mai tsoron kada maganar ta fita.

"Ga shi nan, Sufeto. Kamfanin da ke ɗaukar nauyin karatun yaran nan ne ya ba mu aron wannan inji. An cire ƙwaƙwalwarsa, wato ɗan akwatin da ke sarrafa shi. Sun ce in ba a gano wanda ya yi ba, za su janye tallafin ajin gaba ɗaya."

Sufeto ya san ajin. Auta, 'yar yayarsa, tana cikin ajin. Babu abokin aikin da bai cika wa kunne da labarin "injiniyar gidanmu" ba.

Ya duba ƙofa, ba a ɓalle ta ba. Ya durƙusa gaban injin. An kashe wuta daga babban makunni, an shimfiɗa tsumma, an jera notunan injin a kai yadda aka kwance su, ɗaya bayan ɗaya.

"Ɓarawo mai ladabi," in ji Kofur, mataimakinsa. "Saura ya share mana ɗakin."

Wakilin kamfani ya iso yana huci. Da ya ga tsumman sai ya yi turus.

"Wannan ai koyarwarmu ce. Duk wanda ya yi horo a masana'antarmu, haka hannunsa ke yi ko yana magagin barci."

"Su wa suka yi horon?"

"Mutum biyu ne," in ji Shugabar. "Dogo, da kuma..." Ta kawar da kai. "Auta."

Sufeto ya so a ce wani aka turo ba shi ba. Amma shi aka turo, ga idanu a kansa, ga ƙofa a rufe.

Aka fara shigo da Dogo, yana ta haɗa gumi.

"Ranka ya daɗe, rabona da ɗakin nan tun makon jiya."

Kofur ya jawo durowar teburin Dogo. Wayoyin hannu ne cike, wasu a buɗe.

"Waɗannan fa? Da ƙafarsu suka zo?"

Dogo ya sunkuyar da kai. Ashe gyaran waya yake yi a ɓoye da kayan kwaleji.

"Jiya da la'asar na shigo, na ji ƙauri ya cika ɗakin. Na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, kar a ce ni ne."

Sufeto ya koma bayan injin da tocila. Wata waya ta narke, ƙarfen gefenta ya yi baƙi ƙirin. Ya daɗe a durƙushe. Wa zai saci abin da ya riga ya ƙone, in ba wanda ya ƙona shi ba?

Auta ta shigo, hannunta na dama a cikin aljihun farar rigar aiki.

"Ina wuni, Kawu."

"A nan Sufeto nake. Zauna. Ina kike jiya da la'asar?"

"Ɗakin karatu."

"Fito da hannunki."

Ta fito da shi a hankali. Yatsu biyu sun tashi, sun ɗuri ruwa.

"Dutsen guga ne."

"Ke da har yau uwarki ke miki guga?"

Kofur ya fara dariya, ya haɗiye ta da ya ga fuskar maigidansa.

Auta ta kalli bango, ta kalli ƙofa, babu inda za ta sa idonta. Sai hawaye.

"Na zo ne in ƙara gwaji ni kaɗai, don in burge mutanen kamfanin. Na haɗa waya ba daidai ba, ya yi tartsatsi. Na ce in na kwance akwatin na kai ɗakina zan gyara kafin a sani. Bai gyaru ba, Kawu. Yana ƙarƙashin gadona."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa wa wa? Kowa a gida ni yake kallo. In sun kore ni, ina zan sa kaina?"

"Sai ki bari a kori ajin duka? A ɗaure Dogo?"



Wakilin kamfani ya gyara murya. "Da ta zo ta ce ta ƙona, da faɗa kawai za ta sha. Ɗalibi ai da ɓarna yake koyo. Amma yanzu mun riga mun shigar da ƙara."

Maganar ta fi mari zafi. Sufeto ya ji kamar bangon ɗakin na matsowa. Kofur ya zaro ankwa yana kallonsa, shi kuwa ya girgiza kai.

"Bar ta. Ba za ta gudu ba."

Shugabar ta buɗe ƙofa. 'Yan ajin sun cika baranda, suka dare biyu, ba mai ko tari. Auta ta wuce gaba, Kofur na biye da ita.

A bakin mota ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Kawu, kai za ka gaya wa Mama, ko ni?"

Sufeto ya buɗe mata ƙofar baya da hannunsa.

"Shiga," ya ce. "Ni zan gaya mata."