Tabon Butar Shayi

"Leƙa ƙarƙashin teburin nan, ya Sundus," Suhaila ta ce da ni, tana gyara zaman jakarta a kafaɗa kamar wadda ta zo yi mini barka.

Ranar Talata ce, kuma Alhamis za a ɗaura aurena da Umair. Ina cikin karafan ɗin Baba, wato ɗakin nan mai taya da ake ɗaura wa mota a ja shi zuwa daji, yana ajiye a ƙofar gidanmu a unguwar Al-Sih ta Madina, ina rataya masa sababbin labule. Suhaila 'yar kawuna ce, tare muka tashi, kuma na san ba ta taɓa zuwa wuri haka kawai ba.

Na durƙusa na leƙa.

Katako ne fari fat, sumul, ko ƙura bai sha ba.

Na ɗago na dubi saman teburin. Baƙi-baƙi ne kamar yadda na san shi tun ina yarinya, ga kuma tabon ƙunar nan mai zagaye a gefen taga. Na sake leƙawa... Na miƙe tsaye.

"Wannan ba teburin Baba ba ne," na ce.

"Sai yau kika sani, habibti?"

Wanda bai san Baba ba zai ce a kan katako nake wannan haukan. Baba, Malam Usmanu Dumbulwa, ya sayi karafan ɗin tun kafin a haife ni, a hannun wani Bature mai aikin hanya da zai koma ƙasarsu. Duk lokacin sanyi sai ya ɗaura shi a bayan motarsa mu fita kashta, mu yini a daji muna gasa nama da shan shayi. Teburin cikinsa shi ya haɗa da hannunsa. Wata rana ina 'yar ƙarama na sauke butar shayi daga wuta na dire ta a kai, katakon ya ƙone. Ummi ta taso da faɗa, ni kuwa na maƙure a lungu. Baba ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Ni ne, Rakiya." Ita ma ta san ba shi ba ne, amma ta koma ta zauna.

Bayan rasuwarsa karafan ya yi shekaru a rana. Tayoyi suka fashe, fenti ya kwaile, kyanwoyin unguwa suka mai da shi wurin haihuwa. Ummi ta gaji da ganinsa ta ce a sayar wa masu sayen ƙarafa. Maƙwabcinmu ne ya turo mana Umair, wanda ke da warsha, wato wurin gyare-gyare, a bayan unguwar Al-Ranuna, ba ya aikin komai sai farfaɗo da tsofaffin karafan. Ya zagaya shi yana ƙwanƙwasa jikinsa, yana kara kunne kamar likita, sannan ya ce wa Ummi da Hausarsa ta Kano mai daɗin nan, "Mama, wannan bai mutu ba, barci yake yi."

Daga wannan maganar na fara sonsa, ba zan ɓoye ba.

Sharaɗi ɗaya na kafa masa. Ya canza taya, ya canza waya, ya canza rufi, amma kada ya taɓa teburin. Ya dafa ƙirji ya ce ko ƙusa ɗaya ba zai cire ba sai na sani.

Watanni ya yi yana aikin, yana turo mini hotuna, ina mayar masa da tambayoyin da ba su shafi karafan ba. Ni haihuwar Madina ce, a gida ana yi mini Hausa ina amsawa da Larabci, amma saboda Umair sai da harshena ya warware. Yana ce mini "Sundusina," ina ce masa ya daina, alhali ba na so ya daina.

Da ya aiko neman aurena Kawu Hamid, mahaifin Suhaila, ya ce sam. Yaro ba shi da jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, ubansa malami ne da ya zo daga Najeriya koyarwa, ko yaushe za su iya tattarawa su koma. Ga wahalar takardu, ga sana'ar da ya kira gyaran gwangwani. Na tsaya a gabansa, ni da ban taɓa ɗaga masa ido ba, na ce, "Ya Kawu, bai taɓa yi mini ƙarya ba. Wannan ya ishe ni." Da wannan maganar na ci nasara, kuma ita ce ta fara dawo mini a kai ina durƙushe a ƙarƙashin teburin.

Suhaila ba ta jira na tambaye ta ba, ta zazzage komai. Umair ne ya haɗa sabon tebur a madadin na Baba. Ita ta ɗauko masa tsohon hotonmu da ake ganin teburin a ciki, ita ta ɗibar masa turaren wutar Ummi ya turara sabon katako har ya ɗauki ƙamshin gidanmu. Ya shafe shi da ruwan shayi mai kauri ya yi duhu, ya dafa buta ya ɗora daidai wurin tabon. Ta je warsha ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ta ɗauka idan suka haɗa sirri zai waiwayo ta, sai ya yi mata godiya kawai ya ci gaba da lissafin aurensa da ni. Shi ne ta ga gara kowa ya rasa.

"Tsohon fa? Yana ina?"

Ta yi murmushin da har yau ban yafe ba.

"Kin tuna kashtar da muka fita ranar da aka sa miki dibla, zoben baikonki? Kin tuna itacen da aka dafa shayi da shi?"

Ban san lokacin da na ɗauki makullin mota ba.

Na sami Umair a warsha da tsakar rana, a saman tsani, yana liƙe bakin tagar wani karafan. Da ya gan ni fuskarsa ta washe.

"Amaryata! Me ya fito da ke cikin wannan ra..."

"Ina teburin Baba?"

Ya sauko a hankali, ya goge hannunsa da tsumma, ya sake gogewa. Wannan kaɗai ya ba ni amsa.

Ya ce rufin ya daɗe yana yoyo, ruwa ya bi bango ya jiƙa katakon, gara ta ƙarasa sauran. Ranar da ya zo ɗaga teburin don ya gyara daɓe, sai ya dare biyu a hannunsa, cikinsa duk ya zama gari. Ya ɗauki waya zai kira ni, ya tuna yadda nake shafa tabon ina ba shi labarin Baba, sai ya kasa. Guntayen kuma ya ajiye su a bayan warsha, abokin aikinsa Osman ya haɗa su da itacen da aka loda mana na kashta, bai san ko mene ne ba.

"Kai fa? Ka sani?"

"Sai da wuta ta kama na gane su."

"Ka yi me?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kina dariya, Sundus. Ban taɓa ganinki cikin farin ciki irin na ranar ba. Wallahi kukanki na ji tsoro."

Na tuna ranar sarai. Ni na zuba masa shayin da hannuna, na zuba wa kaina, har na ce ban taɓa shan mai daɗinsa ba. Bayan nan muka shiga karafan ni da shi da Ummi, na ɗora tafina a kan tabon na ce, "Baba, ga Umair." Na yi kuka, shi kuma yana tsaye yana kallona ina gaisawa da ƙunar da ya yi da butar warsharsa.

"Da ka ce mini ya ruɓe, da na yi kukan yini ɗaya na share hawayena," na ce masa. "Da ko guntu ɗaya ka ciro mini daga wutar, da na riƙe. Amma ka zauna ka auna, ka shafa, ka turara, ka ƙona. Ƙaryar da aka yi wa wannan wahala, ya Umair, yaya zan gane ta biyu?"

"Don ina sonki na yi."

"Na sani. Shi ya fi ba ni tsoro."

A gida na faɗa jikin Ummi ina ba ta labari, ina jiran ta tashi da faɗa. Sai ta yi ajiyar zuciya ta ce ita tun ranar da aka dawo da karafan ta gane. Teburin Baba bai taɓa tsayuwa daidai ba, kullum sai an cusa masa kwali a ƙafa ɗaya, wannan kuwa ko motsi ba ya yi. Ta yi shiru ne don ta ga na samu abin da nake so. Ta ce katako ne kawai, yaron yana da kirki, in yi haƙuri kada in kunyata ta an riga an gayyaci mutane.

Raina ya ƙara ɓaci. Ashe kowa ya sani, ni kaɗai ce aka bari ina sumbatar jabu.

Washegari da safe na sayo samfefa na shiga karafan na fara goge teburin. Baƙin shayin ya riƙa tashi yana bin yatsuna, farin katako yana fitowa. Tabon ne ya fi ba ni wuya, don Umair gwani ne, ya ƙona shi da kyau. Ina cikin yi na ji tsayuwar motarsa. Ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba, idanunsa jawur.

"Sundusina, ki hukunta ni yadda kike so, amma kada ki fasa."

Na ci gaba da gogewa har tabon ya ɓace. Na hure garin, na zare diblar daga yatsana, na ajiye ta a wurin.

"Aikinka ya yi kyau," na ce. "Ka ɗauki kayanka."

Ya daɗe a tsaye. Da ya miƙo hannu zai ɗauki diblar, wallahi saura kaɗan in riƙe shi. Ina sonsa a ranar, ina sonsa bayan ranar, ban ma san yaushe na daina ba, idan na daina.

Alhamis ta zo ta wuce ba a ɗaura komai ba. Kawu Hamid, da nake jiran ya yi mini gori, bai yi ba. Suhaila ta turo saƙon neman gafara, ban buɗe ba.

Da sanyi ya sake zagayowa na koyi ɗaura karafan a bayan motata, na ɗauki Ummi muka fita daji mu biyu. Rufi ba ya yoyo, tagogi suna rufuwa ruf, komai yana aiki yadda ya gyara shi. Na hura wuta na dafa shayi, na shigo da butar tana tururi, na dire ta a kan farin teburin, a gefen taga. Ƙaurin katako ya tashi.

"Ke, Sundus, teburin!" Ummi ta ce, da muryar nan tata ta da.

Sai muka dubi juna, kamar muna jiran Baba ya ce shi ne.

"Ni ce, Ummi," na ce, na ɗauko kofuna.