Injiniyar Lantarki da Ɗan Foman

A kan tsani ya fara ganinta. Hular kwano ce a kan ɗankwalinta, hannunta cikin akwatin wutar injin narkar da roba, tana maƙala wata 'yar na'ura a jikin waya. Shi ne shugaban aikin safe a sashen bokitai, Dogo kowa yake kiransa a masana'antar.

"Malama, wa ya ba ki izinin taɓa mini inji?"

Ko juyowa ba ta yi ba. "Manaja. Kuma sai da na kashe wutar na hau. Riƙe mini tsanin nan, rawa yake yi."

Ya riƙe. Da ta sauko ta cire safar hannu ta dube shi, sai faɗan da ya zo da shi ya bi iska.

Ta yi masa bayani a taƙaice. Wuta da man janareta suna neman cinye masana'antar, kuma masu kamfani sun ce in ba a rage ba, sashen bokitai za a fara rufewa. Na'urorin da take maƙalawa suna auna wutar da kowane inji ke sha, su aika zuwa wani allo a ƙaramin ofishinta na kusa da sito.

"To ni me zan yi?" ya tambaya.

"Kada ka bari a cire su. Shi ke nan."

Daga ranar, Dogo ya zama mai yawan uzuri a hanyar sito. Yau ya zo tambayar abin da koren layi ke nufi, gobe ya zo tambayar ja. Ita kuwa Injiniya sai ta ja masa kujera tana danne dariya.

"Jiya na faɗa maka wannan."

"Na manta. Kaina ba ya riƙe karatu sai an maimaita."

Wata Asabar da yamma saƙonsa ya shigo wayarta: "Haskena, da a ce akwai na'urar da ke auna tunani, da yau allonki ya ƙone saboda ni."

Ta daɗe tana murmushi kafin ta amsa: "Dogona, ka rage ɓarnar wuta. Ka zo gidanmu ka gai da Abba, ya fi wannan duka."

Ya je. Mahaifinta ya yi masa tambayoyi, ya gamsu, ya ce ya turo manyansa. A nan ne magana ta tsaya, domin mahaifin Dogo shi ne foman, wato shugaban masu gyara a masana'antar, kuma tun ranar da aka maƙala na'urar farko yake kallon Injiniya a karkace.

Akwai kuma jami'in saye-saye, wanda ya sha aiko wa Injiniya lemo da turare tana mayar masa. Da ya gane wanda ta zaɓa, sai ya shiga kantin ma'aikata yana raɗa cewa allon nan ba wuta yake aunawa ba, mutane yake aunawa. Duk wanda injinsa ya nuna ja, shi za a sallama, kuma tsofaffi za a fara da su.

Kafin mako ya ƙare, an zare rabin na'urorin.

A gida, Foman ya ajiye kofin shayinsa ya dubi ɗansa. "Yarinyar da ta zo raba ni da aikina ita za ka kawo mini gida? Da bakina ba zan je nema maka ita ba."

"Baba, ba haka..."

"Na gama magana."

Mahaifiyar Dogo ta bi ɗanta har ƙofar ɗaki. "Ka bi shi a hankali. Tsoro ne ke cinsa, ba ƙiyayya ba."

Abin da ya fi muni, shi ma Dogo maganar ta fara shigarsa. Washegari ya tsaya a bakin ofishinta, bai zauna ba.

"Ki faɗa mini gaskiya. Sunan Baba yana cikin waɗanda za a kora?"

Ta ɗago a hankali. "Kai ma?"

"Tambaya na yi."

"Inji nake aunawa, Dogo. Inji. In har sai na rantse maka, to ba ka san ni ba." Ta juya ga allonta, ya ga yadda take ƙifta ido da sauri. Ya fita jiki a sanyaye.

Da rana ya turo saƙo: "Na yi kuskure. Ki yafe mini, Haskena."

Amsarta ta zo: "Na yafe. Amma ban zo nan don in yi kuka ba. Gobe zan sami Baba da kaina."

Ta same shi a wurin gyara, yana goge maiko a hannunsa da tsumma. Ta durƙusa ta gaishe shi a gaban yaransa, ya amsa a daƙile.

"Baba, alfarma nake roƙo. Ka zo ka ga allon da idonka. In ka ga sunan mutum ko ɗaya a ciki, ni da kaina zan kwance na'urorin in tafi."

Ya dube ta. Sannan ya yar da tsumman ya bi ta.

Ta nuna masa komai. Babu suna, sai injuna. Ta nuna masa injin matsa iska, wanda layinsa ba ya sauka ko lokacin hutun cin abinci, alhali babu mai amfani da iskar.

"Allon ya ce mini iska tana zurarewa," in ji ta, "amma ba zai faɗa mini ta ina ba. Bututun nan sun zagaye ginin duka. Ni kaɗai ba zan iya ba, kuma a ƙarshen wata masu kamfani za su yanke hukunci."

Foman ya gyara tabarau ya matso kusa. "In aka toshe, wannan jan zai sauka?"

"A gabanka zai sauka."

"In bai sauka ba fa?"

"Sai in nemo wani abin. Ba zan bari a rufe sashen nan ina kallo ba."

Ya yi gyaran murya. "Ke dai akwai taurin kai." Ya leƙa waje ya ƙwala wa yaransa kira: "Duk wanda ya zare abin nan, ya mayar da shi yanzu!"

Makonnin da suka biyo baya aiki ne ba ɗaga kai. Foman da yaransa suna bin bututu da ruwan sabulu, duk inda kumfa ta tashi su ɗaure. Injiniya ta saita injunan narkar da roba su riƙa rage zafi da kansu idan aka tsaya. Dogo ya sake tsarin tayar da injuna, ɗaya bayan ɗaya, maimakon a kunna su gaba ɗaya janareta ya yi ta nishi. Wani gyaran ya ci, wani bai ci ba. Sau ɗaya roba ta daskare a inji aka yi asarar aikin safiya guda, manaja ya yi ta faɗa. Foman ne ya tare shi: "A bar yarinyar nan ta gama aikinta."

Kullum da rana sai ga tsohon a ofishinta, wai ya zo duba layinsa.

Ranar da manaja ya tara ma'aikata ya ce sashen bokitai ba zai rufu ba, ihu ya cika wurin har ya danne ƙarar injuna. Jami'in saye-saye ya sulale ta ƙofar baya. Dogo ya hango Injiniya a gefe, ta rufe fuska da tafin hannu.

Da yamma Foman ya shigo gida, ya ce wa matarsa, "Fito mini da babbar rigata." Ya juya ga ɗansa. "Kai kuma ka tsaya kana kallona? Kira yarinyar nan, ta shaida wa mahaifinta muna tafe."

Saƙon Dogo gajere ne: "Baba ya sa babbar riga."

Ta amsa: "Alhamdulillah. Allah ya kawo ku lafiya, Dogona."

An ɗaura aure wata safiya mai haske, masu gyara da masu aikin safe suka cika layin gidan. Da aka kawo amarya gaban surukinta, ta durƙusa, tsohon ya fara magana.

"'Yata, na so in rufe miki ƙofa, kika ƙi tafiya. Na gode da kika ƙi." Ya dubi ɗansa. "In ka ɓata mata rai, da ni za ka yi. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari."

Ɗakin ya amsa da amin. Dogo ya sunkuyo kusa da kunnenta ya ce, "Kin ji ko? Kin ƙwace mini uba."

Ta yi dariya a ƙarƙashin mayafi. "Ka yi haƙuri. Ba zan mayar ba."