Iskokin Maitama

"Tsaya! Tsaya ko in fasa kanka!"

Fijon Oluwole ta ci birki, ta yi gefe, ta tsaya da hancinta a jikin icen da aka gitta a titi. Rana tsaka ce, ranar kasuwar Bakori, a daminar 1984. Dawa ta rufe hanya hagu da dama, ta fi mutum tsawo. Daga cikinta mutum uku suka ɓullo, fuskokinsu naɗe da rawani.

Na gaba shi ne Maitama, ogan tafiyar, riƙe da bindiga mai baki biyu. Ɗan Maska na biye da adda. Na ƙarshe shi ne Mati, direbansu, ba komai a hannunsa.

Oluwole ɗan kasuwar atamfa ne, haifaffen Funtuwa, Hausa a bakinsa kamar ta kowa. Bai yi gardama ba. Ya fito, ya ja matarsa Silifat bayansa, ya miƙa makulli.

"Ku ɗauki kayan, ku ɗauki motar. Rai kawai muke roƙo."

Mati ya miƙa hannu zai karɓa, rawanin ya zame. Oluwole ya ƙura masa ido.

"Mati? Ba kai ne ka taɓa ja mini mota…"

Dam!

Bai ƙarasa ba. Ya zube a kwalta. Silifat ta ƙwala ihu, ta faɗa kansa tana girgiza shi. Mati ya ji fitsari mai ɗumi na bin ƙafarsa.

Maitama kuwa sai ya duƙa, ya ɗauko takalmin matar da ya fice, ya kakkaɓe shi, ya ajiye a gabanta.

"Hajiya, sai haƙuri. Allah Ya jiƙansa." Ya juya. "Kai Mati, ja mu tafi!"

Motar ta yanki hanyar gona tana tsalle a cikin taɓo. Mati ya juyo ya dubi Maitama.

"Oga, don mi ka halbe shi? Ai ya ba da komi!"

"Ya cika surutu."

"To matar hwa? Ta ji sunana!"

Maitama ya yi murmushi, ya dafa kafaɗarsa kamar wa da ƙane.

"Shi ya sa na bar ta. Naka ta ji, ba nawa ba. Yanzu ina za ka je ka bar ni?"

A caji ofis na Funtuwa, Sufeto Benedict ya sa aka kawo wa Silifat ruwa. Ya daɗe a aikin, ya ga 'yan fashi iri-iri: masu kashewa don tsoro, masu kashewa don ƙwaya ta hau musu kai. Wannan labarin bai yi kama da ko ɗaya ba.

"Kika ce ya yi miki ta'aziyya?"

"Wallahi ya yi," in ji ta. "Idonsa bai yi ja ba, muryarsa ba ta yi rawa ba. Kamar wanda ya yanka kaza."

Benedict ya tura motoci hanyar Malumfashi da ta Maska, ya ce a nemo wani direba mai suna Mati. Amma a wannan dawar, ko soja ɗari ka zuba sai su ɓace.

Su kuwa suna wata bukkar gona bayan Maska. Washegari da hantsi Ɗan Maska ya kasa haƙuri.

"Oga, gaskiya harkar ga ta ɓaci. Mun ce kaya za mu ɗauka, ba rai ba. Yanzu in aka kama mu, ɗauri ne a jikin ganga da harsashi. Ni a ba ni rabona in kama gabana."

"Ka yi gaskiya," in ji Maitama. "Je ka zaɓi turmin da kake so."

Ɗan Maska ya juya, ya duƙa kan atamfofin.

Dam!

Tsuntsaye suka tashi fuu daga dawa. Maitama ya hura bakin bindiga, ya koma ya zauna, ya miƙe ƙafa.

"Mati, ja shi can, ƙuda za su dame mu. Af, ya Hansai? An ce cikin nata ya tsufa. Har yanzu kuna gidan nan mai jar ƙofa na bayan kasuwar Malumfashi? In mun natsu zan je in gaishe ta."

Nan Mati ya gane. Shi kansa ya riga ya zama gawa, ko a hannun gwamnati ko a hannun wannan. Hansai ce kaɗai ta rage. Ba ta san komai ba, ita a saninta mijinta lodin masara yake kaiwa kudu.

Ya ja gawar cikin dawa, ya sake ta, ya zura da gudu. Ganye na yankar fuskarsa, taɓo ya cinye takalmansa, bai waiwaya ba. Duk motsin da ya ji, sai ya ce ga Maitama nan. Da la'asar ya faɗa caji ofis, ya zube gaban Benedict.

"Yallaɓai, ni ne Mati. Zan kai ku wurinsa."

"Ka san ba ni da ikon ceton ranka?"

"Na sani. Ku kashe ni, ban damu ba. Amma don Allah ku kashe shi tare da ni. In yana numfashi, matata ba za ta kwana da rai ba."

Suka kewaye bukkar kafin rana ta faɗi, kowane kurtu yatsansa a kan kunamar bindiga. Benedict ya banke asabarin da ƙafa.

"Kada ka motsa!"

Barci suka sami Maitama yana shara, kamar jaririn da ya ƙoshi da nono. Ya buɗe ido, ya dubi bindigogi, ya dubi Mati a bayansu. Sai ya wuntsila ƙasa, ya kafe idanu, ya fara ihu da siririyar murya ta mata.

"Ku sakar mana dokinmu! Ku sakar mana dokinmu!"

Wasu kurata biyu suka ja da baya suna karanto addu'a.

A nan sai na koma da ku baya kaɗan, don wannan wasan ba ranar ya koye shi ba. A ƙauyensu Maitama, wani ɗan ƙauye ne can gaba da Ƙarfi, akwai wata tsohuwar al'ada: mai iska ba ya laifi. In ya yi ɓarna, ba a kai ƙara, ba a neman diyya. Danginsa su yanka jan zakara, su kai goro gidan da aka ɓata wa, a ce, "Ba shi ba ne, mutanen kansa ne." Shi ke nan magana ta mutu.

Maitama yana ƙarami ya ɗaure ɗan akuyar maƙwabta ya cinna masa wuta, ya tsuguna yana kallo. Uwarsa Hajo ta fito ta gani, kunya da tsoro suka rufe ta, ta ɗora hannu a ka ta ce iskoki ne. Aka yanka zakara. Yaro ya ci nama, ya lura da yadda abin yake. Da ya karya wa wata yarinya hannu, zakara. Da ya tura wani makaho rijiya, zakara. Abin da ke ba ni haushi har gobe shi ne, a ƙauyen nan babu wanda bai lura ba cewa iskokin Maitama ba su taɓa tashi gaban wanda ya fi shi ƙarfi ba. Kowa ya ga haka, kowa ya ja bakinsa, don faɗar gaskiya na nufin zuwa ka dubi Hajo a ido ka ce ɗanta mugu ne.

Aka kai Mati da Maitama kotun musamman ta 'yan fashi a Kaduna. Mati bai wahalar da kowa ba. Aka tambaye shi ko an tilasta masa shiga ƙungiyar, ya ce a'a, kwaɗayi ne ya kai shi, tsoro ya hana shi fita.

Lauyan Maitama kuwa mota guda ya ciko da dattawan ƙauye. Ɗaya bayan ɗaya suka yi rantsuwa. Ba su ƙirƙiri komai ba, abin da suka saba faɗi suka faɗa. Mai unguwa ya ce, "Tun yana yaro muke fama, ranka shi daɗe. Duk garin an sani, ba shi ba ne." Hajo ta yi kuka har ta shiɗe.

Aka kira likitan ƙwaƙwalwa. Ya ce, "Wannan mutumin ya san abin da yake yi. Yana shiri, yana ɓoye sawu, ya san kisa laifi ne. Abin da babu a jikinsa shi ne tausayi da nadama. Kukan mutum da kukan ƙofa duk ɗaya ne a kunnensa."

Lauya ya miƙe tsam.

"Likita, shi ya cire wa kansa tausayin?"

"A'a. Da alama haka ya taso."

"To mutumin da ya taso babu abin da ke hana ni da kai kisa, lafiyayye ne?"

Likita ya yi shiru, ya cire tabarau, ya mai da. Tambayar ba ta banza ba ce, ni ma na kwana ina juya ta. Amma shirun nan ya yi tsawo, Maitama kuwa ya zaɓi daidai lokacin ya faɗi yana kumfa.

Aka yanke hukunci. Mati, harbi a bainar jama'a. Maitama, a tsare shi a asibitin masu taɓin hankali har sai abin da hali ya yi.

Mati ya yi kururuwa, ya riƙe ƙarfen akwatin da ake tsai da masu laifi. "Ƙarya yake! Wallahi ƙarya yake! Ku halbe mu tare!" Ana jan Maitama waje, ya ɗago kai, kumfa a gemunsa, ya kashe masa ido ɗaya.

Bayan kaka aka kawo Mati wani fili a Funtuwa. Jama'a ta cika maƙil, har da masu tallar gyaɗa. Silifat ba ta zo ba, ta kwashe 'ya'yanta ta bar garin da aka haife ta. Aka ɗaure shi a jikin ganga. Liman ya laƙƙana masa kalmar shahada. Mati ya roƙa a kira masa Benedict.

"Yallaɓai, Hansai ta haihu, an ce ɗiya ce. Tambaya guda gare ni. Inda aka kulle shi, ƙofar na da ƙarfi?"

Ɗazu Benedict na shigowa filin aka kira shi a oba-oba aka gaya masa: Maitama ya yi watanni yana ladabi, yana share wa ma'aikata ɗaki, yana jan salla. Jiya an bar shi ya je ɗebo ruwa, bai dawo ba.

"Tana da ƙarfi, Mati."

"Alhamdu lillahi."

Sojoji suka durƙusa. Benedict bai tsaya jin ƙarar ba, a bayansa ya ji ta, yana gudu zuwa mota.

"Malumfashi! Taka ta, taka ta!"

Suka wuce Bakori kamar za su tashi sama. Jiniya na kuka, awaki na tarwatsewa. Benedict na dukan gaban mota da hannu, yana kiran sunan Allah da duk harshen da ya iya.

Jar ƙofar a buɗe take. Daga can ciki jaririya na tsala kuka, kuka mai tsawo, irin wanda ba wanda ya taso ya ɗauka.

"Hansai! Hansai!"

Ba amsa.

A zaure Maitama ke zaune kan tabarma, ya tanƙwashe ƙafa, hannuwansa a jiƙe, ga buta a gefensa. Ya dubi bakin bindigar Benedict, ya yi murmushi, ya miƙo hannu biyu a haɗe.

"Sannu da zuwa, Sufeto. Na zo wa Hansai ta'aziyya ne sai iskokin suka taso mini. A mai da ni asibiti, lokacin shan maganina ya yi."