Katin Tambayar Sanata Halvorsen

Maren ba ta ko cire rigar aikin jinya ba ta faɗa ofishin mahaifinta, wayarta a hannu.

“Baba, ka bari in yi maka bayani...”

Sanata Arlen Halvorsen bai ɗago ba. Jaridar safe na shimfiɗe a gabansa. Hoton ya cinye rabin shafi: ita ce a wani ƙaramin gidan abinci, Desmond Pruitt na riƙe da hannunta, zobe na ƙyalli a yatsanta. A sama an rubuta: 'Yar sanata za ta auri lauyan masu neman tsige shugaban ƙasa.

“Tun yaushe?”

“Sati uku.”

“Sati uku.” Ya ninke jaridar a hankali. “Kina cin abincin Lahadi a gidana, kina miƙo mini gishiri.”

“Mun ce sai an gama shari'ar, don kada mu sa ka a tsaka mai wuya.”

“To yanzu a ina nake, Auta?”

Kwana shida ke nan Majalisar Dattawa na zaman shari'ar shugaban ƙasa, bayan bincike ya nuna mutanensa sun miƙa wa wani kamfanin ƙetare rajistar masu zaɓe. Ana buƙatar ƙuri'a sittin da bakwai kafin a tsige shi. Mahaifinta ɗan jam'iyyar shugaban ne, kuma yana cikin 'yan kaɗan da ba a san inda suka karkata ba.

“In na ce ya aikata, za a ce suruki ya saye ni,” in ji shi. “In na ce bai aikata ba, ni kaina ba zan san ko wanke sunana na yi ba. Wannan kika jawo mini.”

“Baba, ina son shi...”

“Ban tambaye ki ba. Na yi rantsuwa zan yi hukunci ba son kai. Har a kaɗa ƙuri'a, ba ni da magana da ke, balle shi.”

A bakin ƙofa ta ci karo da Colby Rusk, mai magana da yawun mahaifinta. Shekara biyu yana aika mata furanni tana mayar masa.

“Sannu, amarya,” ya ce da murmushi. “Da kin zaɓi na gida, da yanzu kowa na barcinsa lafiya.”

Ta wuce abinta.

Da rana ta sami Desmond a bencin lambun da suka saba haɗuwa. Wata goma sha huɗu ya yi yana tono takardun binciken nan, har idanunsa suka faɗa.

“Kin ci abinci?”

“Ƙasa na ci da wuta kana tambayata abinci!”

“Ƙasa ba ta da gyambon ciki. Ke kina da shi.” Ya miƙa mata rabin burodinsa da cuku. “Mahaifiyata ta kira. Ta ce duk matan garin nan ban ga kowa ba sai 'yar mutanen waccan jam'iyyar.”

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Ta zare zoben ta sa a tafin hannunsa.

“Maren, a'a...”

“Shekara talatin yana gina sunansa, Desmond. Ba zan zama dalilin rushewarsa ba. Kai ma ba zan ci maka aikinka ba.”

“Aikin ya riga ya tafi, masoyiyata. Na ajiye da safe.”

“Ka me?”

“Kuskurena ne. Ranar da na sa miki zoben nan ya kamata in faɗa wa shugabannina. Na yi shiru don ina son in riƙe ki in riƙe shari'ar. Takardun suna nan, ba sai da ni za su yi magana ba.”

Ya rufe hannunsa a kan zoben.

“Zan ajiye shi. Amma ki sani ajiya ce.”

Kwana huɗu bayan haka aka shiga ranakun tambayoyi. Maren ta zauna a benen baƙi da takardar shiga ta iyalan sanatoci. Doka ta hana sanata buɗe baki yayin shari'a, ba waya, ba abin sha sai ruwa ko madara. Mai tambaya sai ya rubuta a kati, a kai wa Alƙalin Alƙalai ya karanta, lauyoyi su amsa cikin minti biyar.

Daga sama tana hango furfurar mahaifinta da kofin madararsa. Kati na gabansa, an riga an buga shi da na'ura. Ta san aikin Colby ne, irin tambayar da ke ba lauyoyin shugaba damar shan iska.

Ya daɗe yana kallon katin. Sai ya tura shi gefe, ya jawo farin kati, ya rubuta da hannunsa.

Alƙalin Alƙalai ya karanta da muryar da ba ta hawa ba ta sauka:

“Daga Sanata Halvorsen zuwa ga lauyoyin shugaban ƙasa. A wace rana shugaban ya fara sanin an miƙa rajistar? A ba ni rana.”

Lauyan ya yi magana minti biyar cif. Bai ambaci rana ba.

Washegari labari ya fito cewa Colby Rusk ya bar ofishin. Sakatariyar mahaifinta ce ta faɗa wa Maren dalili a waya. Colby ya kawo wa sanata takardar martani kan hoton, mai cewa iyali ba su amince da baikon ba. Sanata ya duba ranar da aka rubuta ta. Kwana biyu kafin jarida ta buga hoton. Ashe shi ya kai musu shi.

“Me Baba ya ce masa?”

“Ya ce ya bar makulli a kan tebur.”

Amma ita bai kira ta ba.

Ranar ƙuri'a aka bi sunaye ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya miƙe ya faɗi kalmarsa ya zauna. Maren ta damƙe ƙarfen benen.

“Sanata Halvorsen.”

Ya miƙe, ya ɓalla maɓallin kwat ɗinsa.

“Ya aikata.”

Abokin zamansa na shekara ashirin ya juya masa ƙeya.

Da aka ƙirga, sittin da huɗu ne. Shugaban ya tsira. Kafin la'asar jam'iyya a jiharsu ta yi Allah wadai da sanatan, wani kuma ya zubar masa da buhun taki a ƙofar ofishinsa na can gida. Kowa ya san kujerar ta tafi.

Ranar Asabar saƙo ya shigo wayarta. “Gobe ƙarfe ɗaya. Ki zo da lauyan.”

Suka same shi a ɗakin girki da rigar sanyi mai tsohuwar huda a gwiwar hannu, yana yanka gasasshen nama. Tun rasuwar mahaifiyarta shi ke girkin Lahadi, kuma kullum sai ya ƙona dankali.

“Ranka ya daɗe,” in ji Desmond, “ina neman afuwa a kan...”

Sanata ya ɗaga wuƙa.

“Ba a ba ka izinin magana ba.”

Ya juya ga 'yarsa.

“Auta, ki ji wannan sau ɗaya. Ba don ke na yi ba, ba don shi ba. Rana na tambaya, aka kasa ba ni.”

“Na sani, Baba.”

“Ba ki sani ba. Ni ma sai da na miƙe tsaye na sani.” Ya goge hannu. “Ba jam'iyyarsa ce ta ƙona mini rai ba. A jarida na ji, kamar kowa.”

“Ka yafe mini...”

Ya zaro wani abu daga aljihu. Farin katin majalisa ne, irin na tambayoyi.

“Ɗaya ya rage mini, kuma da alama ba za su ƙara ba ni wani ba. Ke ce Alƙalin Alƙalai. Karanta.”

Ta karɓa ta fara karantawa.

“Daga Sanata Halvorsen zuwa ga lauya Pruitt. Ba ni da kujera nan gaba, ba ni da jam'iyya, dangina za su yi shekara ba su gaishe ka ba. Abin da ya rage mini shi ne...” Ta ɗago ta dube shi. Ta ci gaba. “...shi ne mai karanta katin nan. Za ka riƙe ta, kuma ba za ka sake ɓoye mini komai ba?”

Sanata ya cire agogonsa ya ajiye kusa da kwanon dankali.

“Minti biyar. Kuma ka ga abin da ya sami wanda ya yi ta kewaye.”

“Eh, ranka ya daɗe. Duka biyun.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan.”

Tsohon ya leƙa agogo.

“Lauya da gajeren baki. Ban taɓa gani ba. Saura maka minti huɗu da rabi, kada ka yi asararsu.”

Desmond ya dubi Maren. Ya sa hannu a aljihun ƙirjinsa, ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya a tsakanin murhu da tebur.

“Zuciyata, na kawo ajiyarki.”

“Tashi mana, za ka ɓata wandonka!” Tana kuka tana dariya, ta miƙa masa hannu.

Sanata ya juya baya yana kankare ƙonannen dankali, ya daɗe a kai fiye da yadda aikin ke buƙata.

“Auta,” ya ce ba tare da ya waiwayo ba, “ƙara faranti ɗaya. Ki miƙa masa gishiri.”