Ƙuri'ar Korar Kafinta

A taron mazauna benensu Auta ta fara ganin kafintan da ke hayar shagon ƙasa. Yana zaune a kujerar baya, garin katako a girarsa, ana ta ƙorafin ƙarar injinsa. Babanta, shugaban ƙungiyar mazauna, ya ce mai son a tashe shi ya ɗaga hannu. Kowa ya ɗaga ban da ita.

"Baba, dokar ƙungiya ta ce ba a korar mutum sai an saurare shi."

"Masu rinjaye sun yanke. Ba ita ce dimokuraɗiyyar da kike koya wa ɗalibanki ba?"

"Ita ce, Baba. Amma ina koya musu jamhuriya ma. Mu muka zaɓe ka, kuma da kai da mu duk doka ce a samanmu. Mutum ɗaya ma yana da haƙƙin da yawanmu ba zai ƙwace ba."

Baba ya ɓata rai, amma ya ba kafinta dama. Kafintan ya miƙe ya nemi afuwa, ya yi alkawarin toshe bango da soso da kashe inji lokacin hutu. Aka bar shi.

Washegari saƙon kafintan ya shigo wayarta: "Malama, ban iya turancin siyasa ba, amma hannun nan da bai ɗagu ba ya hana ni aiki yau."

Ta amsa: "To Injiniya, kar ka yanke yatsa a ce ni ce sila."

Daga nan hira ta miƙe, har ya daina ce mata Malama, ya koma kiranta Zinariya.

Ɗan ma'ajin ƙungiya, wanda ya daɗe yana son shagon da ita kanta, ya gaya wa Baba cewa tun kafin taron suke tare, shiri suka yi don su kunyata shi. Baba ya daina amsa gaisuwarta. Kafinta ma ya daina turo saƙo, har ta zaci ya gudu ne.

Umma ce ta matsa wa Baba ya sauka shagon da kansa. Ya tarar da yaron yana ɗaure kayan aiki.

"Ina zuwa? Ai an bar maka shagon."

"Baba, ba zan zauna ina raba 'ya da mahaifinta ba. Ranar taron na fara ganinta. Ina sonta, amma gara in rasa shago."

Baba ya daɗe yana kallon soson da aka lulluɓe bango da shi.

"Kwance kayan nan. Ka turo manyanka."

Gadonsu da kujerunsu shi ya ƙera da hannunsa. Ranar aure Baba ya dafa kan Auta, ya ce, "Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku zuri'a mai albarka."