Jan Zaren Baba

"Ki cire shi daga ranki, Auta. Mai koya wa yara raina iyayensu ba zai zama surukina ba."

"Baba, wallahi sharri aka yi masa..."

"Na gama magana."

Na san mai sharrin. Ɗan Goggo ne, wanda na ƙi tun bara, shi ya kawo gulmar wai Malam yana zuga 'yan aji biyar da sunan 'yanci. Malamina, wanda ko tsawa bai iya ba!

Washegari Baba ya ɗauki sandarsa, zai je makarantar ya ja masa kunne. Na bi bayansa.

Muka tarar ana darasi, muka tsaya jikin taga. Malam na riƙe da wani tsohon littafin tsarin mulki, bangonsa duk ya koɗe.

"Su wa suka rubuta mana tsarin mulki?"

"Iyayen ƙasa, Malam."

"To idan iyayen ƙasa suka ba ka 'yanci, sai ka je gida ka raina naka iyayen?"

Ajin ya kwashe da dariya. Ni kuwa ƙaunarsa ta ƙara cika min zuciya, har na manta a gaban wa nake.

Sai na ga Baba ya ƙura wa littafin ido. Bai yi sallama ba ya shiga, ya miƙa hannu.

"Ina ka samo wannan?"

Malam ya rusuna. "Na mahaifina ne, Baba."

Baba ya shafa ɗinkin littafin da yatsa, daidai inda farin zare ya koma ja. Shekara talatin ya yi yana ɗinkin littattafai a maɗaba'a, amma ban taɓa jin wani ya tambaye shi me ya ɗinka ba.

"Farin zare ne ya ƙare mana ranar," ya ce. "Ni na ƙarasa da ja."

Malam ya juya. "Yara, kullum hotunan iyayen ƙasa nake nuna muku. Yau ga hannun da ya haɗa littafin. Ku miƙe ku gaishe shi."

Suka miƙe tsaye su duka. Baba, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba, ya shiga goge ido da hularsa.

"Baba, ko za ka karanta mana inda muka tsaya?" in ji Malam.

Ya gyara tabarau, ya karanta a hankali: ba a yanke wa kowa hukunci sai an saurare shi. Ya dube ni ta taga, na sunkuyar da kai.

Da aka tashi, Malam ya rako mu bakin ƙofa. Ya raɗa min, "Kada ki yi kuka, sanyin idona."

"Na ji ka," in ji Baba. "Ni na ɗinka littafin, kai ka bi abin da ke ciki. Turo manyanka ranar Asabar, zan saurare su."